Batirin lithiyam a motar tafi-da-gidanka: nawa ne ya isa, kuma me zai cika shi?

Baban Hafsa, Kolombos:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu ilimin lantarki game da motar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu a nan jihar Ohayo, irin wadda ake kira RV, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki, an gina ta a kan motar Ford. Niyyata idan sanyi ya shigo in kwashi iyali mu gangara Arizona, mu sauka a filayen gwamnati da ke kusa da garin Quartzsite, inda babu wurin jona mota da wutar gari. Akwai farantan sola na wat 600 a shimfiɗe a rufinta, akwai janareta, sai batura biyu na dalma, kowanne 100Ah (Ah na nufin amfiya-awa, ma'aunin cajin da batir ke iya riƙewa), waɗanda suka riga suka gaji. Mai shagon da na tuntuɓa ya ce batirin lithiyam guda ɗaya na 100Ah zai maye gurbin biyun, wani maƙwabcina kuma ya ce kada in kuskura in sayi ƙasa da 600Ah. Kuɗin da ke tsakanin maganganun nan biyu ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake son a haska mini hanya kafin in biya.

Injiniya, Kano:
Wa alaikumus salam Baban Hafsa. Maganar mai shagon tana da tushe, domin batirin dalma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi idan ana son ya yi ƙarko, saboda haka batura biyu na 100Ah abin da suke ba ka a zahiri 100Ah ne, shi kuwa lithiyam nau'in LiFePO4, wato mai ƙarfe da fosfet, ana iya cin kashi 90 cikin ɗari nasa ba tare da an cutar da shi ba. Sai dai abin da ya amsa maka shi ne yadda za ka mayar da motar matsayin da take a da, alhali kai tambayarka ita ce abin da zai ɗauki iyalinka a daji.

Kafin a ambaci girman batir sai an san abin da ake ci a yini. Batirin lithiyam na bolt 12 ƙwayoyi huɗu ne a jere, kowace bolt 3.2, jimla 12.8, idan ka ninka da 100Ah ka sami wat-awa 1,280. Wannan shi ne ma'aunin gaskiya, domin lambar Ah ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an haɗa ta da bolt. Ka rubuto mana duk abin da za ku kunna, da wat ɗin da ke rubuce a jikinsa, da sa'o'in da zai yi yana aiki.

Baban Hafsa, Kolombos:
Na gode Injiniya. Firjin mai kwamfuresa ne na bolt 12, yana jan wajen wat 50. Akwai fitilu da famfon ruwa. Hitar ɗakin da gas take aiki, amma fankarta daga batir take sha, an rubuta amfiya 7 a jikinta. Ina aiki da kwamfuta, kuma ina da Starlink saboda intanet, wanda zan kunna kamar sa'o'i shida a yini. Uwargida tana amfani da maikirowef don ɗumama abincin yara. Inbatar da nake son saye ta wat 2,000 ce.

Injiniya, Kano:
To bari mu auna. Firji ba ya aiki ba tsayawa, yana kamawa yana saki, mu ba shi sa'o'i 14, wato wat-awa 700. Fitilu da famfo da ƙananan na'urorin da ba a kashewa, irin na gano hayaƙi da yoyon gas, mu sa musu 200. Fankar hita tana cin wat 85 ko kusa da haka, idan ta yi sa'o'i biyar a dare ta ci 400 da 'yan kai. Kwamfuta da wayoyi 300. Starlink babba yana jan tsakanin wat 75 da 100, a sa'o'i shida mu ce 500. Maikirowef na jan wajen wat 1,500 daga bango, kwata na awa a yini ya kusa 400. Ita kanta inbata tana da nata cin, domin tana zubar da kashi 10 zuwa 15 na abin da ya ratsa ta, kuma ko ba a jona mata komai ba tana shan wuta muddin tana kunne, mu sa mata 300. Jimla wat-awa 2,800 a yini.

Batir ɗaya na 100Ah zai ba ka wajen 1,150, ko rabin yini bai kai ba, don haka wannan shawarar ta faɗi. A gidajen da nake haɗa wa sola a nan ina son batir ya iya ɗaukar kwana biyu ko da rana ba ta fito ba. Kwana biyu 5,600 ke nan, idan aka bar kashi 10 a ajiye sai ya zama wajen 6,200, a raba da 12.8 a sami kusan 490Ah. Ni dai 500Ah ko sama da haka nake ba ka shawara.

Makanike, Indiyana:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, lissafin cin wutar ya yi daidai, amma a kan kwana biyun nan ina da ja. Gida yana nan inda aka gina shi, idan hadari ya rufe rana sai haƙuri. Wannan kuwa mota ce, tana da injin da ke caji duk lokacin da aka tashe ta, ga kuma janareta a cikinta. Wanda yake da hanyoyin caji uku bai kamata ya sayi batir kamar wanda yake da hanya ɗaya ba. A ganina 400Ah ya wadatar, wato wat-awa 5,120, abin ci daga ciki wajen 4,600, ya ɗauke shi yini da rabi da ɗoriya. Kuɗin da ya rage a zuba shi a wajen caji, domin can ne raunin motar yake.

Kawu, Kalgari:
Makanike ya taɓo inda nake son a tsaya a duba da kyau, domin a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Batir randa ne, ba rijiya ba. Komai girmansa, abin da aka zuba masa shi za a ɗiba, saboda haka kafin mu yi gardamar 400 ko 500 sai mu tambaya nawa farantan nan za su zuba a watan Disamba.

Injiniya, kai a Kano kake aiki, a kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda ko a tsakiyar hunturu rana takan hau sama da digiri 54 da tsakar rana. Quartzsite tana kan digiri 33 da ɗoriya, kuma a ƙarshen Disamba rana ba ta wuce digiri 33 a sararin sama, ga yinin gajere. Farantan Baban Hafsa a kwance suke a rufi, hasken yana zuwa musu ne a karkace. A irin wannan lokaci farantin da ke kwance yana samun abin da bai wuce sa'o'i uku zuwa huɗu na cikakkiyar rana ba, duk da cewa Arizona na cikin wuraren da suka fi hasken rana a Amurka. Ka ninka wat 600 da uku da rabi, ka cire kwata saboda ƙura da asarar waya da ta kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin sola zuwa batir) da inuwar da na'urar sanyaya ɗaki ke jefawa a rufi, za ka sami wajen wat-awa 1,600. Ana cin 2,800 ana zuba 1,600, kullum da giɓin 1,200. Da 400Ah batirin zai ƙare a cikin kwana huɗu ko ƙasa da haka, da 600Ah ya kai biyar zuwa shida, amma duka biyun ƙarewa za su yi, alhali sama tas take babu ko ɗigon gajimare. Wanda ya ba da shawarar 600Ah jinkiri kawai ya ƙara maka, ɗana Baban Hafsa, giɓin yana nan.

Injiniya, Kano:
Kawu, wannan gyara ne mai muhimmanci, kuma na karɓe shi. Idan ana son sola ita kaɗai ta biya 2,800 a wannan lokaci na shekara, ana buƙatar abin da ya haura wat 1,000 a kwance. Idan rufin ba zai ɗauka ba, akwai hanyoyi biyu. Ta farko a sa wa farantan ƙafar da za a riƙa ɗaga su suna fuskantar kudu idan an yi zango, domin a lokacin da rana ke ƙasa ɗaga faranti yana ƙara samu sosai. Ta biyu a sayi farantai masu naɗewa na wat 200 zuwa 400 da za a jingina a ƙasa, a ba su tasu kwantirolar. Kuma kwantirolar ta kasance MPPT, wadda take karɓar bolt mai yawa daga faranti ta mayar da shi ƙarin amfiya, saɓanin PWM da ke zubar da wannan rarar.

Duk da haka ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Akwai yara a cikin motar, kuma fankar hita ce abin da ba a so ya tsaya da tsakar dare. Idan farashin batura biyu na 280Ah bai yi nisa da na biyu na 200Ah ba, ni zan ɗauki manyan, tunda ƙwayoyin 280Ah sun yawaita a kasuwa kuma sun yi sauƙi.

Maman Yasir, Hustan:
Assalamu alaikum. Ina bin wannan magana da kyau domin mu ma muna tunanin irin wannan motar. Tambayoyina biyu ne. Na farko, ban ga an sa na'urar sanyaya ɗaki a lissafin ba, mu kuwa a Teksas ba a zama cikin mota da bazara ba tare da ita ba. Na biyu shi ne wanda ya fi damuna a matsayina na uwa: muna jin labarin gobarar baturan lithiyam na kekuna masu lantarki a New York, har sai da birnin ya kafa doka a 2023 cewa sai wanda aka gwada ingancinsa za a sayar. Yaya za a ce mutum ya ajiye irin wannan abu a ƙarƙashin gadon da yaransa ke kwana?

Injiniya, Kano:
Wa alaikumus salam Hajiya, tambayar ta cancanci a amsa ta a tsanake. Lithiyam ba iri ɗaya ba ne. Galibin baturan kekuna da wayoyi da kwamfutoci ana yin su ne da sinadaran kobalt da nikel da manganis, masu tara wuta da yawa a ƙaramin wuri, amma idan suka yi zafi fiye da kima sai su saki iskar oksijin daga jikinsu, ita kuma ta ƙara rura wutar. Wanda muke magana a kai na ƙarfe ne da fosfet. Ƙungiyar masu bincike ta John Goodenough a Jami'ar Teksas da ke Austin ce ta wallafa bayaninsa a 1997, kuma shi Goodenough yana cikin mutum uku da suka sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019 saboda aikin baturan lithiyam. A cikin wannan nau'in fosfet yana riƙe oksijin gam, saboda haka yana jure zafi sosai kafin ya lalace, kuma kamawarsa da wuta tana da wuya ƙwarai idan aka kwatanta da wancan.

Ba zan ce miki babu haɗari ko kaɗan ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan haɗi shi ne siririyar waya, da kusoshin da ba a ɗaure da kyau ba, da rashin fiyus, domin waɗannan ne ke yin zafi su kama abin da ke kusa da su. A sayi batir mai takardar gwajin UL 1973 ko makamancinta, a haɗa shi bisa ƙa'ida, sannan a bar na'urar gano hayaƙi tana aiki.

Makanike, Indiyana:
Hajiya, game da na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda aka fi ɗorawa a rufin waɗannan motoci mai BTU 13,500 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa) tana jan wajen wat 1,500 idan kwamfuresa na aiki, ban da fizgar da take yi lokacin tashi. A batirin 400Ah ba za ta cika sa'o'i uku tana aiki ba tsayawa ba, kuma bayan nan babu abin da ya rage wa firji. Wanda yake son ta kwana tana aiki a daji yana maganar batir na wat-awa 10,000 ko fiye, da farantan da rufin ƙaramar mota ba zai ɗauka ba. Don bazarar Teksas, a sauka a sansanin da ke da wutar amfiya 30 ko 50 a jona, ko a tashi janareta. Baban Hafsa da hunturu zai yi tafiyarsa, shi ya sa ba a sa ta ba.

Sai wani abu da ba a taɓo ba, wanda ya sa batir ɗaya na 100Ah ba zai yi ba ko da cin wutar kaɗan ne. Kowane batirin lithiyam yana da na'urar tsaro a cikinsa, BMS, wadda take yanke wuta idan aka ja fiye da iyakarta, kuma a yawancin na 100Ah iyakar amfiya 100 ce. Inbata ta wat 2,000 idan ta ɗauki cikakken kaya tana jan wajen amfiya 175 daga batirin bolt 12. Maikirowef kaɗai zai kai 130. Da zarar an kunna shi sai BMS ta katse, motar duka ta yi duhu alhali batirin a cike yake. Kuma kada a ɗauka duk na 200Ah yana ba da amfiya 200, akwai waɗanda aka sa musu BMS na 100 don a rage farashi. A karanta takardar batirin a nemi adadin amfiyar da yake iya bayarwa ba tsayawa.

Injiniya, Kano:
Wannan yawan amfiyar ne ya sa nake tunanin ko a bar bolt 12 gaba ɗaya. A gidaje nan Kano batirin da muka fi haɗawa na bolt 51.2 ne mai 100Ah, kuma idan ka ninka za ka ga wat-awa 5,120 ne, daidai da 400Ah ɗin da Makanike ya ambata. Wuta iri ɗaya, amma amfiyar da ke bin waya kashi ɗaya cikin huɗu ce, wayar ba ta buƙatar kauri, zafi ya ragu, asara ta ragu.

Makanike, Indiyana:
Ranka ya daɗe, a gida haka ne, kuma da sabuwar mota ake ginawa daga tushe mai inbata ta wat 5,000 da na goyi bayanka. Amma wannan motar an riga an yi mata wayari daga masana'anta a kan bolt 12: fitilu, famfo, fankar hita, firji, har da abin tayar da janareta, wanda yake fizgar amfiya masu yawa a lokaci guda. Idan aka koma 48 sai an sa na'urar da za ta sauko da wutar zuwa 12, kuma ranar da ta lalace a daji komai ya tsaya. Kayan bolt 12 kuwa ana samunsu a kowane shagon kayan irin waɗannan motoci a faɗin ƙasar. Da inbata ta wat 2,000 waya mai lamba 2/0, wato kusan milimita murabba'i 67, ta isa idan aka taƙaita tsawonta. A sa fiyus nau'in Class T na amfiya 250 daf da kan batir mai alamar tarawa, domin lithiyam idan waya ta haɗu yana iya turo dubban amfiya, kuma ƙaramin fiyus na iya narkewa wutar ta ci gaba da tsallakawa. Masu haɗa jiragen ruwa a nan ƙa'idarsu ita ce kada fiyus ya wuce inci bakwai daga batir, wato wajen santimita 18, kuma ita muke bi.

Kawu, Kalgari:
Kada a manta da sanyi, domin shi ne abin da mu a Kanada muka fi sani. Ba a cajin wannan batir idan jikinsa ya sauka ƙasa da digiri sifili a ma'aunin Salshiyas. Jan wuta daga gare shi ba laifi har zuwa wajen digiri 20 ƙasa da sifili, amma idan aka tura masa caji yana daskare, lithiyam ɗin yakan taru ya zama ƙarfe a kan farantin cikin ƙwayar, kuma wannan lahani ne da ba ya gyaruwa. Baban Hafsa zai taso ne daga Ohayo a cikin hunturu, kuma idan ya bi babbar hanya mai lamba 40 zai ratsa Albakarki da Flagstaff, wadda take kan tudu mai tsawon mita 2,100, ƙanƙara na sauka a can sosai. Ko a hamadar ma dare yakan kusanci sifili. Haɗarin yana zuwa ne da safe, lokacin da rana ta fito sola ta fara turawa alhali batirin bai ɗumama ba bayan sanyin dare.

Akwatin batir na waɗannan motoci galibi a waje yake, ƙarƙashin matakalar shiga, saboda na dalma yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji. Lithiyam ba ya fitar da ita a aikinsa na yau da kullum, don haka a shigo da shi ciki inda ɗumin ɗaki zai same shi, a ɗaure shi tam yadda ba zai motsa ba idan aka taka birki. Nauyinsa ma bai kai rabin na dalma ba, na 100Ah yana tsakanin kilo 11 da 14, na dalma kuwa yana kusan 30. Sannan a tabbatar BMS ɗinsa tana hana caji a lokacin sanyi, ko a sayi mai hita a ciki, tare da sanin cewa hitar ma wuta take ci.

Baban Hafsa, Kolombos:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Abin da na tsayar shi ne batura biyu iri ɗaya, zan kwatanta farashin 200Ah da na 280Ah kamar yadda Injiniya ya ce, kowanne da BMS na amfiya 200 da kariyar sanyi, in ajiye su ƙarƙashin kujerar cin abinci. Zan ƙara farantai masu naɗewa, kuma zan rage sa'o'in Starlink idan na ga rana ba ta biya. Saura tambaya ɗaya ga Makanike: idan na cire tsofaffin na sa sababbin a wayoyin da ke nan, injin motar zai ci gaba da cajinsu kamar da?

Makanike, Indiyana:
A'a Baban Hafsa, kada ka jona su haka. A yanzu akwai wani makunni mai maganaɗisu da ke haɗa batirin ɗaki kai-tsaye da altanetar motar idan injin ya tashi. Batirin dalma yana rage shan caji da kansa yayin da yake cika, lithiyam kuwa idan yana da yunwa zai zuƙi duk abin da altaneta za ta iya bayarwa na tsawon lokaci, musamman idan injin yana aiki mota na tsaye, fankar altanetar ba ta juyawa da sauri, sai ta yi zafi ta ƙone. A cire wannan haɗin a sa caja ta DC zuwa DC mai amfiya 40 ko 50 a tsakaninsu, wato cajar da ke karɓar wuta daga altaneta ta ba batirin adadin amfiyar da aka ƙayyade mata kawai. Ta amfiya 40 tana zuba wajen wat-awa 550 a kowace awa ta tuƙi, ka ga tafiyar sa'o'i biyu ta kusa rufe giɓin da Kawu ya lissafa. Batirin tayar da injin kuwa ka bar shi na dalma yadda yake.

Cajar da ke cikin motar, wadda ke aiki idan an jona wutar gari ko janareta, ita ma a duba ta. Tsofaffin suna tsayawa a bolt 13.6, da wannan lithiyam zai yi caji a hankali ƙwarai, kuma ba zai riƙa kaiwa 14.2 zuwa 14.6 ba, inda BMS ke daidaita ƙwayoyin. A kwantirolar sola kuma a zaɓi tsarin lithiyam, a kashe cajin nan mai ƙarfi da ake yi wa batir mai ruwa lokaci-lokaci. Kafin ka haɗa baturan biyu ka cika kowanne shi kaɗai, wayoyinsu kuma su zama tsawo ɗaya don kada ɗaya ya riƙa ɗaukar kaya fiye da ɗan'uwansa. Mitar bolt da ke bangon motar ba za ta yi maka amfani ba, domin wannan batir yana zama tsakanin 13.0 da 13.3 a mafi yawan aikinsa, sai ka sa mita mai shant wadda take ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita.

Ka ɗauko mana hoton takardar da ke jikin cajar cikin motar da ta jikin altanetar kafin ka yi oda, in ga ko ta amfiya 50 za ta yi maka ko a tsaya a 40.